Manhajar Baba Ta Yi Shiru

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa.

Yaya, manhajar nan da ka haɗa wa Baba bayan idonsa ya tafi, wadda take karanta masa littattafansa, ta daina aiki. Kwamfutar ce ta sabunta kanta, da na zo kunnawa sai wani ɗan akwatin saƙo ya fito a allon, wai manhajar ta kasa loda laburaren murya, wato fayil ɗin da ke ba ta damar yin magana. Na bi abin da ka taɓa nuna mini, na buɗe foldar, ga fayil ɗin nan zaune daram, ko sunansa bai canza ba. Na goge manhajar na sake sakawa, na kashe na kunna har yatsana ya gaji. Mai gyaran bakin titinmu ya duba, ya ce sabuntawar ce ta danne tsohon laburaren da sabo, manhajarka kuwa tsohon kawai ta sani. Ya nemi tsohon bai samu ba, ya ce sai dai wanda ya rubuta ta ya daidaita su.

To yanzu ni ce mai karatun. In na taso daga aiki a asibiti ƙafafuna a kumbure, sai in zauna gefen gadonsa in yi ta karantawa har muryata ta dushe, shi kuma yana mita wai ina cinye ƙarshen kalmomi. Ran nan barci ya sace ni a tsakiyar shafi. Da na farka na tarar da shi yana shafa bangon littafin, bai tashe ni ba. Tun daga ranar, in na ɗauko littafi sai ya ce yau ba ya sha'awa. Na san tausayina yake ji. Haka yake yini a kujerarsa, hannu bisa gwiwa, ko rediyo ba ya nema.

Ya hana ni gaya maka, wai aiki ya yi maka yawa. Na saɓa masa, don wallahi na gaji, kuma shirunsa ya fi gajiyar ci mini rai. Don Allah ka gyara ka turo, ko ka kira ka bi da ni a hankali.

Ka gaida Anti da yara, musamman Sarkin Surutu. Inna da Kawu suna gaishe ka. Baba bai aiko da gaisuwa ba, don bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Auta