Lambar Baba a Teburin Shan Kofi

Adelaide,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Clarrie,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina fata zafin Darwin bai gama narkar da kai ba, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya raba ka da wuƙar likita. Mu nan lafiya lau. Maigidana Des yana ta fama da tsohuwar motarsa, ni kuma kasuwar Lahadi tana ɗan motsi, ana sayar da tsofaffin kwanuka ana rufa asiri. Mama jiki ya yi nauyi, amma bakin nan nata garau yake, ma'aikatan gidan tsofaffin su ne shaida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun watan jiya Mama ta tasa ni gaba sai na je garinmu Wirrabie na dubo mata ko lambar Baba tana nan a ɗakin fitilun mahaƙa. Ka dai san ƙa'idar: mai shiga ramin haƙar ma'adinai ya rataye lambarsa ta tagulla a ƙusa jikin allo, ba mai cire ta sai shi da hannunsa in ya fito. Ta Baba kuwa tun ranar da ƙasa ta rufta da su ba a taɓa ta ba, har aka rufe ramin. Mama ta ce tunda ba shi da kabari, ƙusar nan ce kabarinsa.

Yaya, kowa ya daɗe zai ga daɗau. An shafe garin da fenti kamar amarya. Gidanmu yanzu kyandir mai ƙamshi ake sayarwa a ciki. Tsibin dattin dalmar nan da ya sa rabin unguwa tari, can baƙi suke hawa da yamma suna ɗaukar hoton faɗuwar rana. Shagon mahauci ya koma ɗakin zane-zane, na ga shebur mai tsatsa an kafa a bango an sa masa kuɗin mota. Ni da nake cin abinci da tarkace na san tarkace in na gan shi. Irinsa kyauta nake ɗora wa mai ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk wannan wasa ne. Ɗakin fitilu shagon kofi ne yanzu, na wani yaro mai gemu daga Melbourne. Allon yana nan, amma in ka biya sai ya zaro lamba ɗaya ya miƙa maka ka ajiye a teburinka, don mai kawo kofi ta gane ka. Na bi teburan da ido, sai ga ta Baba, da lanƙwasar nan ta gefe, an jingina ta da kwalbar sukari a gaban wata mai jiran kofi da madarar da ba ta taɓa ganin saniya ba. Na tambayi mai gemun ko ya san lambobin nan na su wa ne. Ya washe baki ya ce ai tarihi suke rayawa, baƙi suna matuƙar so. Na ce masa ya nemo haƙoran kakarsa ma ya raya.

Ban yi rigima ba, kasuwa ta koya mini abin da ya fi haka. Na sayi shayi, aka ba ni wata lambar, na zauna kusa da matar na yaba gyalenta, kafin ta gama ba ni labarin inda ta saya na musanya lambobin. A bakin ƙofa na ci karo da Bluey, abokin aikin Baba, an sa masa hular kwano sabuwa fil yana yi wa baƙi rakiya. Ashe ya gan ni. Ya ce 'yar Pascoe, har yanzu hannun nan da sauri, amma kin manta ba mai cirewa sai mai ita? Na ce masa tsohon banza, kullum hannaye nawa ne ke cire ta kana tsaye kana murmushin hoto? Ya sunkuyar da kai, ya ce in wuce, shi idonsa ya daɗe da mutuwa.

Da na sa wa Mama ita a tafin hannu, na zaci za ta ci mutuncina. Ta daɗe tana shafa ta da yatsa, sannan ta tambaya wa ya cire. Na ce ban same ta a ƙusa ba, kuma Allah ya sani ban yi ƙarya ba. Sai ta gyaɗa kai ta ce to ya fito ke nan, ta sa na ɗora shayi kofi biyu. Tun ranar barcinta take yi har safe.

Don haka in ka buga mata waya ran Lahadi za ta ba ka labari. Ka ce madalla, ka yi shiru. Na san bakinka da son gyara zance. Zancen shagon kofi ya fito daga bakinka, ni da kai ne.

Ka gaishe mini da Merle, da Shane da amaryarsa, da ƙaramar Tilly. Des yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran kifin da ka yi alkawari.

Taka ƙanwa,
Noelene