Allon Gabas

Litinin, 6 ga Mayu
Babbar kwamfutar cibiyarmu ta fara kuka. Gida biyu na raba ta, kowanne da allunan ƙwaƙwalwarsa: na gabas jarrabawa, na yamma takardun ofis. Ɗaya allon na yamma ne ke zafi. Sabo zai iso Alhamis, ranar da ɗalibai ɗari da tamanin za su zauna jarrabawa. Haba!

Talata, 7 ga Mayu
Ban je ba, na kai Inna asibiti. An yi ruwa, rufin ɗakin na'ura ya yi yoyo.

Laraba, 8 ga Mayu
Baba Zaidu, tsohon mai gyaran rediyo da ke kula mana da janareto, wai ba a taɓa inji da wuta a jikinsa. Na ce wannan an yi ta ne don a zare allo tana aiki. Ya ce "To, malamai." Tsohon nan yana ba ni haushi wallahi. In allon ya ƙone zai iya jan duka na'urar, dole in canza shi gobe tana aiki.

Alhamis, 9 ga Mayu


Zaure ya cika, wasu tun daga Wara suka biyo jirgin ruwa. In gidan jarrabawa ya mutu, amsoshinsu sun tafi. Na umarci na'ura ta kwashe aiki daga allon mai ciwo, ta ce an gama. Na je ɓangaren yamma kamar kullum, na kama marfi zan ja.

Caraf Baba Zaidu ya riƙe min hannu.

"Murjanatu, tsaya! Wannan fitila koriya ce. Ga shuɗiya can."

Shuɗiya ce alamar allon da aka sallama. Ashe ranar ruwa shi ya juya akwatin daga bakin yoyo, gabas ta koma yamma. Ƙwaƙwalwar jarrabawa na kusa tumɓukewa. Innalillahi.

Na zagaya, na zare mai shuɗiyar, na cusa sabo. Babu ɗalibin da ya ko ɗaga kai.

Na yi masa faɗa don bai faɗa min ya juya ta ba. Ya ce ya zo faɗi jiya, na ce ina da aiki.

Haka ne. Na ce.

Asabar, 11 ga Mayu
Na manna lamba a kowane allo. Na bar maganar gabas da yamma.

Mako mai zuwa akwai canjin fanka. Na tambayi Baba ko zai shigo ɗakin. Don ya riƙe min tocila ne kawai.