Gaisuwar Kunkuru

Daegu, farkon Afrilu

Zuwa ga Malam Yom, shugaban makarantar tsibiri,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, tarin nan ya sake ka, kuma iskar teku ba ta tayar maka da ciwon gwiwa ba. Yaya yaran makarantarka? Mai dafa maka abinci har yanzu tana cika gishiri? Mu nan lafiya lau, ni da shagon littattafai da ƙurarsa.

Ka ga na rubuta "Malam Yom" kamar mai neman aiki a wurinka. Tun ranar da na haihu nake kiranka Baban Jinmo, yadda kowace mace a unguwar nan take kiran mijinta da sunan ɗansu, sai ka hana. To, na bi umarni. Wasiƙa kuma nake rubutowa domin takarda ba ta da abin kashewa. A waya, da na ce "Jin" sai in ji ɗif, ka kashe kafin in ƙarasa sunan yaron.

Matan adashinmu sun ɗora mini aiki. Za mu fita yawon bazara, kuma sun rabu biyu: wasu na son Ƙasar Wata, wasu na son Tudun Furanni, filayen wasan nan biyu na kusa da Seoul da kullum suke habaicin juna a talabijin. Aka ce tunda ni ce mai karatu in je in gwada duka biyun in kawo hukunci. Aka haɗa ni da Maman Bora, maƙwabciyarmu, wadda ka ce muryarta kan tayar da gawa.

Ranar Asabar muka fara da Ƙasar Wata. Duk filin a ƙarƙashin rufi ɗaya yake, an zana sama a silin, an liƙa mata taurari. Kuɗin tikiti won dubu sittin, kuma a ƙofa suka buɗe jakarmu suka karɓe kimbab ɗinmu, naɗin shinkafar da na tashi da sassafe na yi, wai ba a shiga da abincin waje. A ciki suka sayar mana da wainar shinkafa mai yaji wadda ba yaji ba shinkafa. Jirgin da ke hawa ya gangara ya juya da mutum, sai da ƙafata ta mutu a layi kafin mu hau, muka sauka kafin in gama ihu. In ka ƙara kuɗi za ka wuce layin ta wata ƙofa, kana wuce 'ya'yan talakawa suna kallonka. Maman Bora ta ce, "Yaya, ashe har tsoro ma akwai na masu kuɗi." Amma zan yi musu adalci: wasansu na dandali ya yi kyau, 'yan rawa kamar an auna su da magwaji, ga mutane na lilo a iska da zare. Komai sabo, komai na ƙyalli, kuma ba abin da na tuna da shi bayan na fito.

Ka san ni, ka san ba lilo ne ya kai ni ba. Sumin, 'yar ƙanwata, ta haɗu da Jinmo a tashar jirgi kwanaki. Ya rame, ta ce, amma yana dariya. Ya gaya mata ƙungiyar wasan kwaikwayonsu ta watse, yanzu yana shiga cikin kayan dabba a ɗaya daga filayen nan, yana yi wa yara rawa. Bai faɗi wanne ba, bai ba ta lamba ba. Ɗanka, da ka so ya zama babban ma'aikaci a ofishin gunduma. Na san fuskar da kake yi yanzu. Gyara ta, ban gama ba.

Na wuni ina bin dabbobi da kallo kamar mafarauciya. Da na ga Zomon Wata dogo ne, na kutsa cikin yara na kama hannunsa, na ce a hankali, "Jinmo?" Matar da ke rakiyarsa ta tare ni da murmushi.

"Mama, wane Jinmo? Wannan Zomon Wata ne."

Na ce, "Na ciki nake nufi."

"Wane ciki, Mama? Ai babu kowa a ciki."

Na karanta littattafan masu musun samuwar rai da yawa, ban taɓa ganin mai musu da fara'a irin tata ba. Maman Bora tana ja na tana cewa, "Yaya, ki saki zomon mutane kafin a kira mana 'yan sanda." Daga baya wani dattijo mai shara ya fahimtar da ni: dokar sana'ar ce a ko'ina. Wanda ke cikin kayan ba ya magana, ba ya cire kai, ba ya nuna ya san kowa, ko da uwarsa ce. In ya yi, aikinsa ya ƙare. Zomon ma ba shi ba ne. Da ya ɗaga hannu na ga wuyan hannun mace.

A jirgin komawa na tuna ƙaramin filin wasan bakin tafki, ranar da ka goya Jinmo a wuya yana ɗan shekara huɗu, askirim ɗinsa na ɗiga a tsakiyar kanka, kana tafe da martabarka ta malami ba ka goge ba don kada ya sauka. Ina mutumin nan ya shiga? Ina nemansa shi ma.

Ka sha maganinka, ka daina kwana da taga a buɗe. Ina gaida malaman makaranta.

Matarka, ko kana so ko ba ka so,
Pyo Myong-ran


Daegu, tsakiyar Afrilu

Zuwa ga Malam Yom,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kimchin da na aiko, tsimin kabejin nan mai yaji, ya iso bai tsiyaye ba, kuma gwiwar da sauƙi. Amsarka ta iso. Layi uku: yanayi, neman kimchi, da cewa kada in ɓata kuɗi a wuraren shirme. Na gode da dogon bayani.

Mun je Tudun Furanni. Ga rahoto, tunda kai mai son rahoto ne. Tikitinsu bai kai na wancan ba, amma sai ka hau bas daga tasha, sannan ka hau tudu da ƙafarka, abin da gwiwarka ba za ta gode maka ba. Fentinsu ya ɓaɓɓare. Lilon dawakinsu akwai dokin da ba shi da kunne. Jirginsu mai gangara na katako ne, yana ƙara kamar tsohon gado, kuma na rantse ya fi na Ƙasar Wata ban tsoro, domin a can ka san ba za ka mutu ba, a nan ba ka da tabbas. Maman Bora ta sauko ta ce, "Na yafe wa surukata, na yafe wa kowa." Sun bar mu da abincinmu. Muka shimfiɗa tabarma a gindin itatuwan ceri, furanni na faɗa mana cikin shinkafa. Sama kuma ta gaske ce, ba a caje mu kuɗinta ba.

Da yamma aka fara jerin gwanon dabbobi. Ba su da yawa, kiɗan ma na yankewa. Can baya sai ga Kunkuru, ƙwarya a bayansa kamar babban baho, yana tafe yana gaisa wa da yara. Ba sai na kama hannun kowa ba. Ka san yadda Jinmo yake jefa ƙafar hagu waje in yana tafiya, irin tafiyarka sak, wadda mahaifiyarka ta ce ta gidanku ce? Ko a cikin buhu aka saka shi zan gane ta.

Ban kira shi ba. Na koyi darasi, ba zan zama sanadin korarsa ba. Na tsaya kawai a bakin igiya, kusa da maɓuɓɓugar ruwa. Ya zo daidai ni ya tsaya cak. Mai rakiyarsa ya taɓa shi don ya ci gaba, bai motsa ba.

Sai ya haɗa manyan hannayen nan a goshi. Ya durƙusa, gwiwar hagu sannan ta dama, yadda ka koya masa tun yana ƙarami, ya kai goshinsa ƙasa. Babbar gaisuwa, cikakkiya, wadda ɗa ke yi wa iyayensa in ya daɗe bai gan su ba. A kan siminti, a gaban jama'a, da ƙwarya a baya. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka fashe da dariya suna tafi. Wani yaro ya ce, "Umma, kunkuru na neman kuɗin sabuwar shekara!" Yana nufin kuɗin da ake ba yara in sun yi wa manya wannan gaisuwar ranar bikin.

Ya miƙe da kyar. Na zaci ya gama. Sai ya matsa gefe kaɗan, ya fuskanci damana, inda kake tsayawa kullum, inda babu kowa sai kwandon shara, ya sake haɗa hannu ya sake durƙusawa. Wannan karon nauyin ƙwaryar ya rinjaye shi, ya kife ta baya, ƙafafu a sama, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Filin ya kusa tsagewa don dariya. Ni da Maman Bora kaɗai muke kuka, ita ma da ƙarfi, yadda ta saba yin komai.

Kai ka san abin da ya yi, ba sai na fassara maka ba. Shekara biyu da suka wuce, ranar sabuwar shekara, bayan ya gaya mana ya ajiye aikin gunduma, ya durƙusa zai gaishe ka, ka tashi ka juya masa baya, ka ce daga yau kada wanda ya ƙara kiranka Baban Jinmo. Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Gaisuwar da ka ƙi karɓa ce ya kawo maka, ya ajiye ta a gaban kwandon shara.

Na sa hannu a kan ƙaton kan nan na roba na ce, "Ka ci abinci sosai." Abin da ya zo bakina ke nan, ni mai shagon littattafai. Ya gyaɗa kai, aka ja shi suka wuce. Na jira a ƙofar ma'aikata har aka rufe, bai fito ta nan ba. Ban ji haushi ba. Taurin kan ma na san gidan da ya gado shi.

Ga abin da ya sa ba zan jira ka huce a hankali ba kamar tukunyar ƙarfe. An liƙa sanarwa a ƙofa: masu Ƙasar Wata sun saye Tudun Furanni, kuma jerin gwanon dabbobi zai tsaya a ƙarshen watan nan. Bayan haka babu kunkuru, ba ni da lambarsa, ba ni da adireshinsa. Wannan igiyar ce kaɗai wurin da na san zan same shi a duk ƙasar nan.

Matan adashi kuwa, na gaya musu Tudun Furanni na zaɓa. Wasu sun yi gunaguni wai tsoho ne. Na ce mu ma haka.

Kana koya wa 'ya'yan masunta ladabi kullum safiya. Ka gaya mini, a wane littafi aka ce babba ya bar gaisuwa a ƙasa? Na karanta fiye da kai, ban gani ba. Ina kewar teburin da muke zama mu uku kuna gardama a kan kifi. Har gardamar nake kewa.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Myong-ran


Daegu, makon ƙarshe na Afrilu

Baban Jinmo,

Bayan gaisuwa, da fatan ka kwana lafiya, tarin da na ji a waya jiya kuma ba komai ba ne illa borin kunya.

Ka kira wai don ka tambayi inda na ajiye rigarka mai ruwan toka. Rigar tana jikin ƙusa a ɗakinka na tsibiri, ni na rataye ta, kuma kana kallonta lokacin da kake tambaya. Daga nan ka ce tikitin wurin ya yi tsada, ka ce tudun zai kashe maka gwiwa, ka ce babban mutum ba ya tsayawa yana magana da kunkuru. Sannan ka tambayi ko jirgin ruwan Juma'a yana haɗuwa da jirgin ƙasan Seoul. Yana haɗuwa.

Ka sa takalminka mai taushi. Zan naɗo kimbab da yawa, irin wanda yake so, mai ƙwai. Za mu tsaya a bakin igiya kusa da maɓuɓɓugar ruwa, kai a damana. Maman Bora ta ce za ta janye kwandon sharar ko da za a kama ta. Ban yi maka alkawarin zai sake durƙusawa ba, ban san abin da zai yi ba. Amma ka lura da garaɓasar da ka samu: an hana shi magana. Karon farko a rayuwarku za ka faɗi abu bai mayar maka ba. Don haka ka zaɓi abin da za ka faɗa da kyau, kuma kada ya zama zancen aikin gunduma, in ba haka ba ni zan kife ka ta baya, kuma ba mai ɗaga ka.

Abu ɗaya kuma. Da za mu ajiye waya jiya, bakina ya kuɓuce, ko kuma ban riƙe shi ba, na ce, "Baban Jinmo." Ka ce, "Na'am." Sai ka hau tari. Kada ka ɓata tawada kana musu. Na ji ka.

Sai na gan ka a tasha.

Taka,
Maman Jinmo