Dariyar da Muka Kai wa Ammu Mahmudu a Kaset

Asabar, 15 ga Jimada Sani, 1402

Na shiga uku. Malamarmu Abla Safiyyatu ta zaɓe ni a wasan hafla, wato bikin ƙarshen shekara na makarantarmu a nan Madina. Ni ce tsohon manomin dabino daga Badar, wanda yake son ya zauna a kujera, kullum wani abu ya hana shi. Wasan ban dariya, ni da ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale! Wai na fi kowa tsawo, kuma fuskata ba ta motsi. Ikilima 'yar ajinmu ta ce in na kasa a ba ta. Abla ta ce ranar gwaji za ta yanke.

Litinin, 17 ga Jimada Sani

Abin mamaki! Inna Hajo maƙwabciyarmu ta shigo ta same ni ina kuka a kan takardar wasan. Da ta ji dalili sai ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ke Innayatu, ga gwani a bayan katangarku kina kuka?" Wai mijinta, Ammu Mahmudu, wato Baffa Mahmudu, farin tsohon nan mai gyaran agogo da ake kira Al-Majari, ɗan wasan ban dariya ne a ƙasarsu Hangare kafin ya musulunta. A dandamali, har da silima! Mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ban iya cin abincin rana ba don zumuɗi.

Alhamis, 20 ga Jimada Sani

Baba ya yarda, amma da sharaɗi: ni a tsakar ɗaki, shi Ammu a zaure, labule a tsakani, Inna Hajo tana zaune. Na ce to yaya zai koya mini ba ya ganina? Daga bayan labulen ya ce, "Ya binti, 'yata, kunnena ya isa. Sa takalmi mai ƙara, ki taka."

Na taka. Ya ce, "Wannan yarinya ce za ta makaranta. Tsoho sai ya nemi izinin gwiwarsa." Na sake. Na sake. Kujera ta yi ƙara, ya ce na zauna da wuri. Ta yaya ya sani?

Lahadi, 23 ga Jimada Sani

Yau ya ba da labari. Sunansa na da Tibadar. Ubansa tela ne a Budafest, babban birninsu, ya so ya gaje shi, shi kuwa ya gudu gidajen shayi inda ake wasa a ɗan dandamali. Ya daɗe ba wanda ya yi masa dariya, don yana ta murguɗa fuska. Wata rana yana ciwon haƙori ya fito bai iya murmushi ba, sai ɗakin ya kece. Tun ranar bai ƙara dariya a gaban mutane ba. Ya yi finafinai, an san shi da hula da sanda. Bayan yaƙin duniya ya yi wani wasa a kan jami'in gwamnati mai tsoron kujerarsa, aka hana shi fitowa. Shekarar da tankokin yaƙi suka shigo birnin ya tsallaka iyaka da ƙafa. Daga nan Istambul, can ya karɓi kalmar shahada, daga nan Madina.

Inna Hajo ta ce, "Alhaji, ka manta ba ka faɗi matan da ke jefa maka furanni ba."

Ya ce, "Hajo, su sun jefa furanni, ke kina jifa da ludayi."

Na danne dariya har na sarƙe.

Laraba, 26 ga Jimada Sani

Kada in nemi a yi dariya. Tsohon nan zama kawai yake so, da gaske, ƙafarsa na ciwo. Haka Ammu ya ce.

Talata, 3 ga Rajab

Gwaji. Na tsallake! Abla ba ta yi dariya ba, amma ta rufe baki da littafi. Ikilima ta ce, "Wallah ya Innayatu, kamar kakana." Ita za ta fito a matar tsohon. Na dawo gida da gudu, abayata na kama ƙafa.

Ammu bai yi murna yadda na zata ba. Ya ce saura abu mafi wuya, wanda ba ya koyuwa a ɗaki ba kowa: in jama'a suka fara dariya, in tsaya, kada in yi magana a kanta, in bari ta sauka. Sannan ya ce rabonsa da jin ɗaki cike yana dariya tun kafin a haife ni. Kuma haflar ta mata ce zalla, ko ƙofar makaranta ba zai wuce ba.

Alhamis, 5 ga Rajab

Na samo dabara! Yaya Surajo ya ara mini rikodarsa. Inna Hajo za ta riƙe ta a ƙarƙashin mayafi, a layin gaba. Yanzu tsorona ya ninka. In ba su yi dariya ba, kaset ɗin shiru zan kai masa.

Laraba, 11 ga Rajab

Sun yi! Sun yi! Sun yi dariya! Gemun auduga, jallabiyar Baba, sandar Ammu da ya aiko da kansa. Na fito na ga iyaye mata cike da zauren taro, Larabawa, 'yan Sudan, da namu Hausawa. Na nemi izinin gwiwata, na lanƙwasa zan zauna, Ikilima ta janye kujerar za ta share ƙarƙashi. Sai wata ƙara ta taso kamar ruwan sama a kan kwano. Na tsorata, komai ya ɓace mini, na tsaya a rabin zama ina kallonsu. Suka ƙara kecewa. Umma ma har da share hawaye.

Alhamis, 12 ga Rajab

Bayan la'asar muka kai masa. Inna Hajo ta tura rikodar ta ƙasan labule. Muryata ba ta fita sosai, dariyar Inna ta fi ta kowa. Da aka zo wurin kujerar ya tsayar, ya mayar baya, ya sake ji. Ya sake mayarwa. Ya ce, "Nan kin jira. Haka ake jira." Na buɗe baki in ce tsoro ne ya tsayar da ni, Inna Hajo ta dafa ni ta girgiza kai, ta nuna mini ƙasan labulen. Ƙafarsa tana buga ƙasa a hankali. Can muka ji wani sauti, kamar tari. Inna ta raɗa mini, "Dariya ce. Haka tasa take."

Ya ce a bar masa kaset ɗin. Na ce sandarsa fa? Ya ce in riƙe.

Asabar, 14 ga Rajab

Abla ta tambayi wa zai karanta a gaban aji, na ga hannuna a sama. Ba wai wani abu ba ne. Kuma ba cewa na yi zan sake wasa ba. Sai dai da safe na ga Umma tana kokawa da igiyar shanya, iska na naɗe ta da zani, na tsaya ina lura da inda ya kamata a jira. Sandar tana bayan ƙofa. Gobe zan tambayi Ammu yadda ake yi da hula.