Kawuna Ashirin da Takwas da Mitar Surukata

Bude Lasmi, gwaggon kowa, don Allah ki cece ni. Shekara shida ina karanta filinki kowace Lahadi ina yi wa mazan da ke rubuto miki dariya, yau ga shi layi ya zo kaina. Kada ki buga sunana. A unguwarmu a nan Klaten mutum ɗaya ne ke sayen jarida, amma kafin azahar kowa ya san abin da ke ciki.

Ni mai tsara takardu ne a kwamfuta. Katin biki, tallan shago, da ɗan littafin Yasin ɗin nan da ake rabawa a addu'ar mamaci, mai hoton marigayi a bango. Da a maɗaba'ar wani nake aiki a garin Solo. Da na auri Ningrum sai muka zauna a gidan mahaifiyarta, Ibu Sarmini, don ita ce auta, kuma mahaifinta Pak Wagiman ya rasu. Ningrum ce ta gaji da ganina kan babur kullum ruwa na dukana, ta cire awarwaronta biyu na aure ta sayar, ta ce in sayo kwamfuta in riƙa aiki a gida. Ki lura da kyau, Bude, kwamfuta ta ce. Ba ta faɗi iri ba. A kan wannan nake tsaye har yau.

Wallahi da niyyar sayen irin ta kowa na fita, mai sabuwar furosesa ta tebur, mai kawuna shida. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, kawunan kuma su ne ma'aikatan da ke cikinta. Tsautsayi ya kai ni shagon Mas Gandung. Da na faɗi abin da nake so sai ya dube ni kamar na ce a ba ni keken yara. Ya ja aljihun tebur ya fito da wasu tsofaffin furosesa biyu a naɗe cikin soso, ya rage murya ya ce, "Mas, waɗannan na saba ne, manyan na'urorin da bankuna ke kullewa a ɗaki mai sanyi. Daga Singafo aka ciro su. Kowace kawuna goma sha huɗu. Suna sabbi ɗaya ta sayi babur biyu, yanzu kuɗin taya zan ba ka. Mai shida ai ta 'yan makaranta ce, kai da gemunka?" Bude, ba ni da gemu, amma maganar ta shige ni.

A motar ɗaukar kaya aka kawo ta, don akwatinta ya kusa ƙaramin firji. Fanka shida ne a ciki. Ranar da na fara kunna ta kajin maƙwabta suka watse. Amma da na buɗe inda take nuna ma'aikatanta, sai ga 'yan akwatuna hamsin da shida sun jeru a fuskar allo, don kowane kai biyu yake nunawa. Ban taɓa mallakar hamsin da shida na komai ba a rayuwata. Na ɗauki hoto na tura guruf ɗinmu na masu irin wannan na'ura, nan take suka naɗa ni mataimakin shugaba. A shagon shayi yanzu Mas Saba ake kirana, wato Malam Saba, har mai unguwa ya tambaye ni ko zan iya duba masa sunayen masu zaɓe a ciki.

To ga inda matsalar take. Mitar gidan nan wat ɗari tara ce. Idan aka ɗora mata abin da ya fi haka, makunninta ya faɗo, gida ya yi tsit. Ibu kuwa shinkafa da miya take sayarwa a ƙofar gida, tukunyarta ta lantarki ba ta hutawa daga safe har la'asar. Ga firji, ga injin jan ruwan rijiya, ga dutsen guga. Kafin zuwana lafiya lau suke zaune da juna, saboda akwai wani tsohon kwali a manne gefen mitar, wanda marigayi ya rubuta da fensir: tukunya da firji, i. Tukunya da injin ruwa, a'a. Guga sai an kashe tukunya. Haka dai har layi tara. Kwalin ya yi baƙi, rabin rubutun ya goge, na ce zan buga musu sabo mai kala, Ibu ta yi kamar ba da ita nake ba.

Ita kuwa na'urata ba ta san da wani kwali ba. Da na danna ta, in tukunya na kunne, ɗif. Wani lokacin ko tukunyar ba ta kunne, numfashin farko da take ja ya isa. Kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke, Ibu ba ta yarda kowa ya je ya ɗaga makunnin, ita ce za ta ajiye ludayi ta fita da kanta. Ba ta ɗagawa nan da nan kuma. Sai ta tsaya a gaban mitar ta daɗe, hannunta a bango. Na tabbata don maƙwabta su gani ne, su san irin surukin da Allah ya haɗa ta da shi.

Kada ki ce na'urar ba ta da amfani. Damina ce, kuma tun da ta zo wankinmu a bayanta yake bushewa. Ningrum ta taɓa ajiye waken tempe, wanda ake rufewa ya nuna kamar daddawa, kusa da ita ya nuna a kwana ɗaya. Aikin tsara shafi dai, in faɗa miki gaskiya tsakanina da ke, ba ta fi tsohuwar kwamfutar maɗaba'a sauri ba. Idan na ja hoto sai ya ɗan yi tunani kafin ya biyo ni. Na duba akwatunan nan, ɗaya ne ke gumi, hamsin da biyar na kallonsa. 'Yan guruf sun ce in ƙara katin hoto mai ƙarfi.

Alhamis ɗin da ta wuce abin ya fashe. Matan unguwa sun taru a falonmu karatun Yasin na mako, da 'yar lasifikarsu. Mai unguwa ya biyo, ya ce in nuna masa akwatunan da ake ta magana. Zan ce masa a'a ne? Na danna. Lasifika ta mutu a tsakiyar aya, fanka ta tsaya, shinkafar baƙi ta tsaya rabin dahuwa. Cikin shirun nan wata tsohuwa ta ce, "Bankin Singafo ya buɗe." Suka kwashe da dariya a kan tabarmar karatu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Alhamis ta sama za a yi addu'ar kwana dubu ta Pak Wagiman, wadda daga ita babu wata. Ni na ɗauki alkawarin littafin Yasin ɗari da hamsin, kuma maɗaba'a na son aikin ranar Litinin. Sau uku ina kaiwa shafin sunayen kakanni wuta na ɗaukewa, na baya-bayan nan ya tafi da aikin kwana biyu. Na ce wa Ibu a ƙara ƙarfin mitar, a mayar da ita sunana tunda har yanzu sunan marigayi ke fitowa a takardar wuta. Ko kuma ta koma dafa shinkafa da itace na mako ɗaya kacal. Ta dube ni ta ce, "Nak, ɗana, kafin ranar addu'a akwatin nan zai fita daga gidana. In ba ya iya tafiya shi kaɗai, ka raka shi." Ningrum kuwa sai murza wuyan hannunta take yi.

Mas Gandung ya yarda zai karɓe ta ya ba ni mai kawuna shida, amma zuwa Asabar kawai. Bude, daga ashirin da takwas in koma shida? Da wane ido zan shiga shagon shayi? Ki gaya min yadda zan fahimtar da tsohuwar nan cewa ci gaba ne ya shigo gidanta.

Suruki Cikin Duhu, Klaten

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karon farko na yi dariya har shayina ya huce, a na biyu ban yi ba.

Ni ban san kan kwamfuta ba, don haka na kai wasiƙar wurin maƙwabciyata Bu Retno, wadda ta yi shekara ashirin tana kula da irin waɗannan na'urori a wani banki. Ta ce in fara da wanke na'urarka, kuma zan wanke ta. Mas Gandung bai yi maka ƙarya ba, gaskiyar ce ya yanka ya ba ka rabi. Furosesar saba abu ne mai kyau. An yi ta ne don ta yi wa ɗaruruwan mutane aiki a lokaci ɗaya, ba dare ba rana, shekara da shekaru, a ɗakin da ke da sanyi da wutar da ba ta ƙarewa. Da a ce kana haɗa dogayen bidiyo ne daga safe zuwa yamma, ko kana riƙe wa kamfani bayanansa, kuma kana da shago da mitarka, da na ce ka riƙe abinka ka toshe kunne.

Amma kai shafi kake tsarawa, ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan aikin kai ɗaya mai sauri yake so, kuma a nan sabuwar ta tebur ta fi tsofaffin naka, ga shi wutar da take ci ba ta kai rabin tasu ba. Ka ɗauko dattawan 'yan dako ashirin da takwas ka ce su zura maka zare a allura, kana kuma ciyar da su duka daga tukunyar surukarka. Ai da idonka ka gani, ɗaya na gumi sauran na kallo. Katin da 'yan guruf suka ce ka ƙara kuwa, wani bakin ne za ka ƙara a kan tukunyar.

Saboda haka kada ka jira Asabar. Gobe da safe ka nemi motar da ta kawo ta ta mayar da ita. Ka karɓi mai shida, ka sa a kunna maka ita a shagon, ka buɗe irin aikin da kake yi ka ja hoto ka gani da idonka. Ka tambayi wutar da take ci, ka sa a rubuta maka. Idan wani abu ya yi saura, ka sayi ɗan batirin nan da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna in wuta ta ɗauke, kuma ka koyi adana aikinka kowane shafi. Kwana uku sun ishe ka gama littafin in ka daina nuna wa baƙi akwatuna.

Batun shagon shayi, za su yi maka dariya, ba zan ɓoye maka ba. Mako ɗaya za su yi, sai wani ya sayo tsuntsu mai tsada da ba ya kuka su koma kansa. Muƙamin mataimakin shugaba kuwa ka ajiye shi da hannu biyu. A cikin 'yan guruf ɗin nan babu wanda ya cire awarwaro saboda kai. Wadda ta cire tana nan a gabanka tana murza wurin, kai kuma kana ta kafa hujja da cewa ba ta faɗi iri ba. Ba ta faɗa ba ne don ta ɗauka mijinta ya san aikinsa. Ka ba ta haƙuri da baki, kada ka bari sabuwar kwamfuta ta ba ta a madadinka.

Ban ce surukarka ba ta da nata ba. Korar suruki ana saura kwanaki addu'a magana ce mai nauyi, kuma wata rana gidan nan zai buƙaci mita mai ƙarfi, ko da kai ko ba kai. Amma wannan maganar ita da 'yarta za su tayar, ba kai ba, ba kuma a wannan makon ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni dariya a karo na biyu. Ka ce tana daɗewa a gaban mita don maƙwabta su gani. Ɗana, kai fa mai tsara littafin mamata ne, ya kamata ka fi kowa ganewa. Me ke manne a gefen mitar? Rubutun hannun mijinta ne, mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a gidan. Mutumin nan ya zauna ya auna tukunya da guga da injin ruwa ya sasanta su, don kada matarsa ta rasa wuta tana tsakiyar girki. Duk wata takardar wuta na zuwa da sunansa kamar yana nan. Kai kuma ana saura mako a yi masa addu'ar ƙarshe ka ce a cire kwalin, a goge sunan, ta koma hura itace. Karanta shi take yi in ta tsaya a wurin, kai ne kake aika ta sau biyar a rana.

Idan ka kawo sabuwar, kada ka kunna ta kai kaɗai. Ka jira tukunya na kan aiki, ka kira Ibu ta tsaya, sannan ka danna. In wutar ta zauna, kada ka yi jawabi. Ka miƙa mata fensir ka tambaye ta ko akwai sauran wuri a ƙasan kwalin. Wataƙila ta ƙi a ranar, ka ƙyale ta. Amma ranar da ta rubuta layi na goma a ƙarƙashin rubutun Pak Wagiman, tukunya da kwamfuta, i, ka san ba kwamfutar kaɗai aka ba wuri a gidan ba.

Allah ya jiƙan Pak Wagiman, ya sa littafin ya fito a kan lokaci, ya kuma sa shinkafar ranar ta dahu har ƙasan tukunya.

Bude Lasmi