Motarka Ta Daina Jan Hagu

Yaya,

Na wuce asibiti, aikin safe gare ni. Na ga kana ta sharar barci, shi ya sa ban tashe ka ba.

Albishirinka! Motar rimot ɗinka ta daina jan hagu. Kwana uku kana zagin sitiyari, har cewa ka yi ni na taka ta, ashe daga ni har shi ba mai laifi. Sikelin awon fulawar Umma na ɗauko, na auna tayoyin ɗaya bayan ɗaya, sauran ukun na tokare su da littattafanka. Sai ga hagu ta fi dama nauyi da giram arba'in! Sabon batirin nan naka ne ya kwanta gefe guda kamar mai ciwon haƙarƙari.

Na matso da shi tsakiya, na manna noti biyu a dama da salatif, na sassauta sifirin ɗin baya zagaye ɗaya. Da na gwada ta a tsakar gida, ta miƙe sak, ta sha kwanar bokitin wanki ba ko tangaɗi. Umma na gani ta ce, "Ai ke ya kamata ki je tseren yau, ba shi ba."

Abu ɗaya, don Allah: kada ka zauna kan kujerar ɗakinka. Daga ƙafarta na kwanto notin, ban samu wasu ba. Yi haƙuri, ka karya a tsaye.

In ka ciyo kofi, nawa ne. In ka manta ka zauna, wannan faɗuwar kam taka ce kai kaɗai.

Autarku