Warin Ɗakin Tacewa da Cikin da Kawu Bai Sani Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina aiki a ƙaramin kamfanin kawuna, yayan mahaifiyata. Muna karɓo ɓawon tumatir da masu yin na gwangwani ke zubarwa, mu jiƙa shi a wani sinadari mai warin fetur, ya janyo jan launin, mu sayar wa masu haɗa kayan kwalliya. Ni ce a ɗakin tacewa. Tagarsa ɗaya, fankar kuma sai ta ga dama take juyawa. Kullum da ciwon kai nake komawa gida, mayafina ko an wanke warin ba ya fita.

Na gwada wani mai da ake tatsa daga ɓawon lemo. Shi ma yana janyo launin, kuma ba ya hawa kai kamar wancan. Sai dai yana da nawa, abin da yake fitarwa kuma bai kai na tsohon ba. Na kai wa Kawu a kwalba, ya ɗaga ya duba, ya ce launin ya yi kyau amma shi ba shagon turare ya buɗe ba. Ma'aikata suka kwashe da dariya, har yau Hajiya Lemo suke kirana.

Abin da bai sani ba shi ne ina da ciki, na fari, bayan dogon jira. Likita ta ce in nisanci warin nan. Sau nawa nake zuwa ƙofar ofishin Kawu, kunya ta kama ni, in ɓige da yi masa sannu da aiki! Mutumin da ya goya ni, da wane baki zan faɗa masa? Maigidana ya ce in ajiye aikin kawai. To gwajin nawa fa? Sauran matan da ke shaƙa fa? Haushi nake ji, na Kawu da na kaina.

Hajiya Lemo

Hajiya Lemo, na taya ki murna. Amma daga yau kada ki sake shiga ɗakin nan, ko don ɗauko jaka.

Kawunki ba mugu ba ne. Abincin gidaje da yawa na wuyansa, dole ya ji tsoron abin da zai rage masa kaya. Ke kuma kin kai masa kwalba, kin bar dalilin a bakin ƙofa. In bakinki ya yi nauyi, tura mahaifiyarki. Ƙanwarsa ce, ta san ta inda ake shigarsa. Ta nemi a mayar da ke wani sashe.

Bayan haka ki roƙe shi tanki ɗaya na gwaji, wani ya riƙa yi kina ba da umarni daga nesa. Man lemon ma ba ruwan sha ba ne, sai kin tambayi likitarki. A gyara fanka, a ƙara taga saboda sauran matan. Maigidanki kuwa tsoro ne ya sa shi magana, ki lallaɓa shi.

Ɓawon tumatir ba ya ƙarewa, gwaji zai jira ki. Wanda ke cikinki ne ba shi da hannun toshe hanci. Allah ya raba lafiya, ya nuna wa Kawu jikansa.

Anti